Ga Samarin da ke Son Ɗaura wa Injinsu Kakaki Huɗu

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina roƙon ka ba ni ɗan fili a wannan jarida tamu mai farin jini in yi magana a kan abin da ya shafi sana'ata. Ni bakanike ne, a Kano na koyi aiki tun ana yayin Fijo 504, yanzu kuma ina wani gareji a tsakiyar Ingila, inda yawancin abin da ake kawo mana ƙananan motocin gudu ne marasa nauyi, kujera biyu, ba rufi ba ƙofa. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne saƙonnin da samarinmu ke turo mini. Yaro zai ga bidiyo an buɗe bonet, ga kakaki huɗu jere a gefen inji suna ƙyalli, an taka totur mota tana gurnani, sai ya rubuto: "Kawu, nawa ne wannan? Mai ganga ya fi ko mai faifai?" Amsar ba ta shiga saƙon murya na minti biyu, shi ya sa na kawo ta nan.

Abin da ke bayan kakakin nan shi ne maƙogwaron inji, wanda makanikan gida suka fi sani da bakin injekta. Direba yana zaton mai yake ba mota idan ya taka totur, alhali iska yake buɗe wa ƙofa. Ƙwaƙwalwar mota ce ke duba iskar da ta shiga ta fesa mata fetur daidai gwargwado, kashi 1 na fetur ga kashi 14.7 na iska a nauyi idan ana tafiya a hankali, ta ƙara mai idan an taka har ƙasa. Inji mai lita 2 da ke juyi 8,000 a minti yana neman iska wajen lita 8,000 a kowane minti, domin kowace silinda sau ɗaya take shaƙa a juyi biyu. Shi wannan injin kuma, idan yana silo a bakin danja, abin da yake sha bai taka kara ya karya ba. Ƙofa ɗaya ake so ta iya duka biyun, da duk abin da ke tsakani.

Sai an san motocin kafin a gane dalilin gardamar ganga da faifai, wato irin ƙofar da ke cikin maƙogwaron. Uwarsu ita ce Lotus Seven, wadda Colin Chapman ya fitar a 1957, mutumin da duk tunaninsa a kan rage nauyi yake. A 1973 kamfanin Caterham ya sayi haƙƙin ci gaba da ƙera ta, har gobe kuma yana yi, ga Westfield da wasu ƙananan kamfanoni masu yin irinta, ga masu sayen ta a warwatse cikin akwatuna su haɗa a gida. Nauyin irin wannan mota kilo 450 ne zuwa 600, wajen rabin Corollar da ke yawo a titin Zariya. Injinan na motocin gida ne aka gyara, irin su Ford Zetec da Duratec da Rover K-series. Tayoyin baya ke ja, direba kusan a kansu yake zaune, kuma yawancinsu babu kwamfutar da za ta rage wuta idan taya ta fara sulɓi. Bayan kiyayewar Allah, sai ƙafar direba. A mota mai tan ɗaya da rabi, in totur ya ɗan zarce nauyi zai shanye. A mai kilo 500 da ƙarfin doki 200, a kwana, a jiƙaƙƙiyar kwalta (ruwan ƙasar nan kuwa ba ruwansa da rani ko damina), ƙarin milimita biyu a ƙarƙashin ƙafa ya isa ya mayar maka da gaba baya. Shi ya sa duk wanda ya tambaye ni wane maƙogwaro ya fi, ba na fara duba doki nawa yake bayarwa a ƙarshen totur. Halinsa a rubu'in farko na takawa nake dubawa, domin a nan ƙafar direba take wuni.

Kusan duk motar da ke kan titi maƙogwaro ɗaya gare ta. Iska ta bi ta cikinsa ta zuba a wani tulu na roba ko alminiyom, daga tulun bututu huɗu su raba wa silindodi. Samari suna raina wannan tsari saboda shi ne a motar babansu. Kada su raina. Honda S2000 da ta fito a 1999 ɗaya gare ta, amma injinta mai lita 2 yana ba da doki wajen 240, yana juyi har 9,000, ba turbo ba komai. Da yawa daga injinan da muke ɗaura wa kakaki huɗu ba sa kamo wannan ko bayan an gama kashe kuɗin. Tulu yana da sauƙin saiti, silonsa lafiyayye, kuma yana wuce gwajin hayaƙin da ake yi wa motoci a nan duk shekara ba tare da fama ba.

To me ya sa ake canzawa zuwa maƙogwaro huɗu? Idan ka ɗaga ƙafa a inji mai tulu, tulun gaba ɗaya ya zama kusan fanko. Ka sake takawa, sai ya cika kafin silinda ta ƙoshi. Jinkirin bai kai ƙiftawar ido ba, amma a mota mara nauyi ana jin sa. Idan kuwa kowace silinda tana da ƙofarta kusa da bawul, iskar waje a bakin ƙofa take tsaye, kana takawa ta faɗa. Akwai kuma batun kamshaf, sandar da ke buɗe bawul ɗin silinda. Injin da ake so ya yi ƙarfi a sama ana sa masa kamshaf mai daɗewa bai rufe bawul ba, har na shiga da na fita su jima a buɗe tare. A silo irin wannan inji yana maido da hayaƙi cikin tulu, wannan silinda ta shaƙi dattin waccan, ka ji mota tana tari tana neman mutuwa. Maƙogwaro huɗu suna raba su, kowa ya ji da kansa. Sai ƙara, wanda shi ne ainihin abin da ke jan yawancin mutane ko ba su faɗa ba. Gurnanin kakaki huɗu a juyi 7,000 akwai daɗi a kunne, ni ma da furfurata nakan tsaya in saurara. Amma ba girin-girin ba, ta yi mai.

In an yanke shawarar sa huɗu, sai a zo kan irin ƙofar: akwai mai faifai, da mai zamiya, da mai ganga. Wadda kowa ya sani ita ce mai faifai: ɗan faifan tagulla a kan sanda, sandar ta ratsa tsakiyar bututu, tana juyawa faifan ya tare hanya ko ya ba da ita. Duk wanda ya taɓa kwance kafireton 504 ya ga irinsa a ƙasa. Abin da masu sukarsa ke faɗa gaskiya ne, ko an buɗe shi gaba ɗaya sanda da faifan suna nan a tsakiyar hanya. Bututu mai faɗin milimita 45, filin bakinsa wajen milimita murabba'i 1,590 ne. A ce kaurin sandar milimita 6, ta tare wajen 270, kusan kashi 17 cikin ɗari ke nan. A takarda abin tsoro ne. Sai dai ba a maƙogwaro iska ke shan matsi mafi tsanani ba, a bakin bawul ne, inda hanya ta fi ƙunci. Wanda sandar ta dame shi kuma sai ya feƙe ta ya nutsar da kawunan sukurorin, ko ya ƙara faɗi kaɗan. Manyan kamfanonin da suka ba kowace silinda ƙofarta a motocin da za su sayar wa jama'a da garanti, faifai suka zaɓa: BMW a M3, har da injin silinda shida mai lita 3.2 na shekarar 2000 mai doki 343. Nissan a Skyline GT-R. Toyota a injin 4A-GE mai bawul 20 da ta sa a wasu Corolla na Japan daga 1991. Faifai yana rufewa ruf, yana buɗewa a hankali, kuma matsin iska a rabinsa na sama da na ƙasa yana kashe juna, don haka ba ya maƙalewa. A nan na kamfanin Jenvey aka fi gani, da yawansu an yi su a kan ma'aunin ramukan tsohon kafireton Weber DCOE, domin mai tsohuwar mota ya kwance kafireto ya ɗaura su a mazauninsa ba tare da ya huda komai ba.

Mai zamiya ba zan daɗe a kansa ba. Masu gyaran babur sun san ɗan'uwansa, domin a kafireton yawancin ƙananan baburanmu wayar totur ce ke jan wani ɗan ƙarfe sama ya buɗe hanya. A motar tsere faranti ne mai ramuka, yana zamewa gefe har ramukansa su dace da na bututu. Shi ne a kan Cosworth DFV, injin da Jim Clark ya ci tseren ƙasar Holan da shi a 1967 a fitowar injin ta farko. A buɗe babu abin da ke tare iska. A rufe kuwa zuƙar inji tana manne farantin da jikin gidansa, ka taka ka ji tauri, ka ƙara ƙarfi ya fizge. Ƙwayar yashi ta isa ta riƙe shi a buɗe. Ga motar da ake kwancewa bayan kowane tsere ba laifi, ga motar titi kuwa ba na ba kowa shawararsa.

Mai ganga shi samarin suka ƙwallafa wa rai, kuma na san dalili. Caterham ta sa shi a motarta R500 ta farko, injin Rover mai lita 1.8 da doki 230 a mota mai kilo wajen 460. Ta sake sa shi a R500 ta 2008 mai injin Duratec da doki 263. Wanda ya karanta wannan zai ce ai magana ta ƙare. Aikinsa kamar kan famfon tankin ruwa ne, irin mai hannu guda da ake murɗawa kwata ɗaya. Ganga ce ta ƙarfe kwance a gicciye, an huda rami ta cikinta. Idan ramin ya fuskanci bututu, hanya ta miƙe santal daga bakin kakaki, ba sanda ba faifai, kana leƙawa ka hango bawul. Idan ta juya kwata, jikinta ya toshe hanya. A cikakken totur babu wanda ya fi shi, kuma a injin da aka matse har ƙarshe yana iya ƙara 'yan dawakai.

Wahalar tana farkon buɗewa, kuma wanda ya taɓa cika kofi a irin famfon nan ya san ta: ka ɗan taɓa ba komai, ka ƙara kaɗan ruwa ya fantsamo maka a riga. Ganga tana fara juyawa sai 'yar tsaga ta buɗe a gefe guda ta gaba, wata a ɗaya gefen ta baya, iska ta shiga a karkace ta bi jikin bango maimakon tsakiya. Fetur ɗin da injekta ke fesawa ba ya gauraya da ita yadda ake so, wani ya kwanta a bango. Ga shi dole a bar 'yar tazara tsakanin ganga da gidanta don ta iya juyawa idan ƙarfe ya yi zafi, ta nan iska ke satar hanya, silo ya ƙi sauka ko ya riƙa hawa da sauka. Gwanin saiti yana iya lallashin abin har a zauna da shi lafiya, na kuma tuƙa waɗanda aka yi wa aiki mai kyau. Amma aikin ya fi na faifai yawa, kuma da ganga ta fara cin jiki saitin ya tafi.

Wani dattijo mai ritaya ya taɓa kawo mana motar da ya haɗa da hannunsa, inji lita 2, ya samo masu ganga na hannu ya ce a ɗaura. Muka ɗaura, muka hau da ita na'urar gwajin ƙarfi, wadda tayoyi ke gudu a kan naɗi mota tana ɗaure. Layin da kwamfuta ta zana ya bi kan tsohon layin faifai sak, bai rabu da shi ba sai can sama da juyi 7,500, inda ya ɗan ɗaga kai. Dattijo ya yi murna, har ya ɗauki hoton allon da wayarsa. Da na fita da ita cikin gari, a nan ta nuna halinta. A giya ta biyu, a cunkoso, ɗan ramin hanya ya girgiza ƙafata, mota ta zabura. Na sassauta, ta dafe, kaina ya yi gaba. A shataletale, kwalta a jiƙe, na ɗora ƙafa don in fita, shiru, na ƙara kaɗan, baya ya fara zamewa sai da na tare da sitiyari. Shi kuwa bawan Allahn nan yawonsa na ranar Lahadi ne zuwa shan shayi a ƙauye, allurarsa ba ta wuce 5,000 sai ta ɓaci. Ƙarin ƙarfin da ya saya yana wurin da ba ya zuwa. Mun sa masa wata 'yar faranti mai siffar katantanwa inda wayar totur ke naɗuwa, yadda farkon takawa zai buɗe kaɗan-kaɗan, ƙarshen ya buɗe da sauri, muka kuma zauna a kan saiti. Ya samu sauƙi, amma bai kai laushin faifan da ya cire ba.

Akwai masu neman tsakiya. Kamfanin AT Power a yankin Norfolk yana yin faifai marar sanda a tsakiya, an riƙe shi ta gefuna biyu, a buɗe kusan ba ya tare komai, a farkon takawa kuma halinsa na faifai ne. Dabara ce mai kyau, kuɗinta ne dai ba na wasa ba. Akwai kuma hanyar talaka, a samo maƙogwaron babban babur irin Suzuki GSX-R a wurin masu kwance waɗanda suka yi haɗari, huɗu a jere da injektocinsu, a sake tazararsu ta dace da kan inji, a ƙera manifol, bututun da zai haɗa su da injin. Mai hannu zai samu abin kirki da kuɗi kaɗan. Marar hannu zai samu iska tana shiga ta ko'ina ban da inda aka ce ta bi.

Da za a bi tawa, da an rage gardamar ganga da faifai an duba faɗi da tsawo. Kowa so yake a ce nasa ya fi girma. A ƙa'idar da muke bi, milimita 40 yana ciyar da doki wajen 50 a kowace silinda, 45 kuma wajen 65, wato 260 a inji mai silinda huɗu. To inji mai lita 1.6 da ko me aka yi masa da kyar zai ga 150, me zai yi da 48? Abin da zai samu shi ne iska mai tafiyar hawainiya a ƙananan juyi, da totur da ya gama aikinsa tun a rubu'in farko, sauran takawar duk a banza. Tsawo kuma, daga bakin kakaki zuwa bawul, shi ke yanke inda ƙarfi zai taru. Duk lokacin da bawul ya rufe, iskar da ke gudu tana karo da shi, matsin ya koma baya da saurin sauti, wajen mita 340 a daƙiƙa, ya kai bakin kakaki ya dawo. Idan dawowarsa ta tarar da bawul a buɗe, sai ya tura ƙarin iska cikin silinda kyauta. Dogon bututu yana wa ƙananan juyi da matsakaita aiki, gajere yana wa na sama. Na sha ganin an canza kakaki kawai, an ƙara masa tsawon 'yan santimita, ya cike ramin da ke tsakiyar layin ƙarfi fiye da duk abin da canjin ƙofa zai yi. Bonet ɗin Seven dai ƙunci gare shi, shi ya sa za ka ga an yanke gefensa filta ta leƙo waje. Wuri ne babu.

Sai abin da bidiyo ba ya nunawa. Ƙwaƙwalwar da ta zo da mota tana gane yawan iska ne ko ta na'urar da ke auna ta a bututu kafin tulu, ko ta wadda ke auna zuƙar cikin tulun. Ka cire tulu ka makantar da ita. Zuƙar da ke bayan ƙofa ɗaya-ɗaya hawa take tana sauka da kowace shaƙa, da an ɗan buɗe totur kuma ta ɓace. Don haka sai an sayi wata ƙwaƙwalwar da ake iya rubuta wa saiti, irin su Emerald ko Omex ko MBE, a koya mata ta dogara da yawan buɗewar totur da yawan juyi. Tebur ne mai gidaje ɗaruruwa, kowane gida sai an faɗa mata fetur nawa za ta fesa da lokacin da fulogi zai ba da wuta, mota tana kan naɗi, na'urar shinshinar hayaƙi tana cikin salansa. Gidajen farkon totur su ke cin lokaci. Kuɗin ƙwaƙwalwa da wayoyi da ranar gwaji sau da yawa yakan kamo na maƙogwaron ko ya wuce. Wanda ya sayi ƙarfen ya tsallake wannan, motarsa za ta fi da ƙara, ta fi da shan mai, gudu kuma ya ragu.

Huɗun kuma sai an daidaita su da juna, aikin da ake maimaitawa lokaci-lokaci. Inji ya yi zafi yana silo, ka cire filta, ka danna 'yar na'ura mai bakin roba da allura a kakaki na farko, ta tsaya a 5, na biyu 5, na uku ka ga 7, na huɗu 4. Tun kafin ka duba ma kunnenka ya gaya maka, inji yana ɗingishi, madubin gefe yana rawa. Ka juya ɗan sukurun da ke tsakaninsu kwatan juyi, ka taka totur ka saki don komai ya zauna, ka sake aunawa. Gyaran na uku ya taɓa na huɗu, ka koma. Can sai ka ji muryar ta haɗe, madubi ya tsaya cak. A zamanin tagwayen kafireto da tiyo a kunne ake yin wannan.

Yanzu, Malam Edita, bari in juyo gida, domin masu tambayata ba a Ingila za su tuƙa ba. Kakakin da ake gani tsirara a bidiyo, ko don hoto aka cire filtar, ko motar fili ce da ake kwance injinta a kai a kai. BMW da Toyota da Nissan da na ambata duk cikin akwati suka rufe nasu, iska ta bi ta filta. A Kano ko Sakkwato ko Maraɗi, cikin hunturu, lokacin da za ka goge gilashi da safe kafin azahar ka iya rubuta sunanka a kai, inji mai shaƙar dubban litoci a minti ba filta niƙa kansa yake yi. Ƙura ta haɗu da mai ta cinye ringi da bangon silinda, kafin damina injin ya fara hayaƙi. Ragar waya da wasu ke sawa a bakin kakaki tsakuwa kawai take tarewa. Ganga da zamiya kuwa sun fi kowa tsoron ƙura, domin fili mai faɗi ne ke gogar fili mai faɗi. Na taɓa buɗe wata ganga bayan motar ta faɗa tsakuwar gefen filin tsere, na tarar da jikinta duk karce, tana juyawa tana kama gidanta, sifirin da kyar yake maido ta. Totur da ya ƙi dawowa ba abin wasa ba ne, shi ya sa ake sa sifirin biyu.

Zafi da tudu ma suna da nasu. Iska a digiri 40 ta gaza ta digiri 15 nauyi da wajen kashi 8 cikin ɗari, ta Jos kuma, mai tsayin mita wajen 1,200, ta gaza ta bakin teku da fiye da kashi 10. Ƙwaƙwalwar da ke dogaro da buɗewar totur kaɗai ba ta san an hau tudu ba, za ta fesa man Legas a Jos, fulogi ya yi baƙi. Sai an haɗa mata na'urar auna zafin iska da ta matsinta. Saitin da aka yi a Ingila aka turo ta waya ba zai zauna daidai ba.

Abin da ya fi damuna shi ne birki. Seven ba ta da bustar birki, ƙarfin ƙafa ke tsayar da ita, kuma ya isa tunda ba nauyi. Corolla da Civic da Golf da tsofaffin BMW da samarinmu ke wasan mota da su ba haka suke ba. Bustar, wato baƙar tukunyar nan da ke bayan mastan birki, da zuƙar tulu take aiki, ta wani tiyo guda. Ranar da aka cire tulu, tiyon ya rasa mazauni. Wasu sai su toshe shi, wasu su laƙa shi a bututun silinda ɗaya su ce ya isa. Takawar farko birki zai kama da sauran zuƙar da ke tukunya, ta biyu ya yi tauri, ta uku ka tsaya a kansa da ƙafa biyu mota tana tafiya. Daidai shi ne a huda dukkan bututu huɗun a bayan faifai, a haɗa su da ƙananan tiyo zuwa ɗan tanki guda, a sa bawul mai hanya ɗaya tsakaninsa da tukunya, in zuƙar ta yi kaɗan a ƙara famfon zuƙa na lantarki. Sannan a gwada a filin da ba kowa, a taka birki sau da yawa a jere a ji ko feda ta canza. Ina roƙon 'yan'uwana makanikai, idan yaro ya shigo gareji da kwalin maƙogwaro huɗu, a tambaye shi ina tiyon birki zai koma kafin a kwance ko da ƙusa ɗaya.

Na gode da filin da ka ba ni. Wassalam.

Naka,
Wani bakanike ɗan Kano, mazaunin Ingila